Neman kalma: obafulo na kafireto, gobe zan miƙa aiki

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Ina fassara ɗan littafin gyaran babur da za a raba wa malaman gona, irin baburan shiga daji masu dogayen ƙafafu, Yamaha AG200 da DT125. Gobe da la'asar zan miƙa. Na maƙale a babin da kafireto ke zubar da fetur ta siririn tiyon nan na ƙasa. Kalma uku nake nema: zubar man da makanikai ke kira obafulo, sai fulot, sai 'yar allurar da ke tare mai. A taimaka don Allah.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Rubuta obafulo kawai, ba yaron garejin da bai san shi ba.

Mai Fassara: Oga, ba yaran gareji ne za su karanta ba. Mutum ne shi kaɗai a ƙauye, fetur na ɗiga a kan takalminsa, bakanike kuma sai ranar kasuwa.

Ɗan Zazzau: Ambaliya mana.

Yaya Babba: Ambaliya ta yi girma, sai ka ce madatsar ruwan Tiga ce ta ɓalle. Yoyo dai.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: A'a Yaya, yoyo daban. Idan robar bakin ƙoƙon kafireto ta mutu, ko kusar zubar da mai ta ƙasa ba ta ɗauru ba, wannan yoyo ne. Obafulo kuwa ƙoƙon ne ya cika, mai bai daina shigowa ba. Fulot yana iyo a kan fetur, in man ya taso sai ya ɗaga allura ta toshe ƙofar. To ƙwayar yashi ɗaya daga kwalbar 'yan bumburutu ta zauna a bakin nan, allura ba za ta zauna ba. Ko baƙar robar tsininta ta ci har ta yi zobe. Ko fulot ɗin ya huje ya sha mai ya nutse, ka girgiza shi kusa da kunne za ka ji. Sai man ya bi ta bututun tagulla da ke tsaye cikin ƙoƙon ya fito. Wani lokaci ma bututun ne ya tsage, ka canja allura sau uku a banza.

Maman 'Yan Biyu: To ai tumbuɗi ke nan. Jariri ya sha ya ƙoshi, rarar ta dawo.

Mai Fassara: Kai! Tumbuɗin kafireto. Ya zauna.

Basakkwace: Fulot kuma gora. Duk wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu ya san abin da ke riƙe mutum a saman ruwa.

Malam Mai Nahawu: Ina ta karantawa ina takaici. Ana neman sunan 'ya'ya an bar uwar da sunan aro. Mene ne kafireto? Abu ne mai gauraya iska da fetur, saboda haka magaurayi. Fulot kuma ga suna na tsara bisa ƙirar faɗi-ka-mutu: taso-ka-toshe. Suna da aiki a kalma ɗaya.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Allah gafarta Malam, ka shiga shagon kayan babur ka ce a ba ka taso-ka-toshe na magaurayi. In ka fito da kaya ni zan biya.

Malam Mai Nahawu: Haka aka yi wa na'ura mai ƙwaƙwalwa dariya, yau ga ta a labaran rediyo.

Ɗan Zazzau: A labarai. A kasuwa kwamfuta ake saye.

Ɗan Maraɗi: Mu nan fulotar muke cewa, allurar kuma fwanto. Amma ku mutanen Kano in kun ari ta Ingilishi sai ta zama Hausa, tamu ta Faransanci kuma ku ce gwaranci ce.

Yaya Babba: Wa ya ambaci Kano yanzu? Kullum sai an kawo wannan.

Malam Mai Nahawu: Duk aro aro ne, daga Landan ko daga Faris. Harshen da ba ya haihuwa mutuwa yake yi. Taso-ka-toshe ta raba gardamar, ba ta Najeriya ba ce ba ta Nijar ba.

Basakkwace: Malam, ita allurar da ka bari ba ka taɓa ba, daga Larabci take, al-ibra. Ko ita ma a kore ta?

Malam Mai Nahawu: Wannan ta daɗe, ta zama 'yar gida.

Mai Fassara: Jama'a don girman Allah, agogo na tafiya. Allurar fa?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Kada ki rubuta allura ita kaɗai, Hajiya. Biyu ne a kafireto. Akwai doguwar da ke hawa da sauka in an murɗa totur, ba ruwanta da wannan matsala. Mutum zai je ya kwance ta ya ɓata saiti. Ki ce matoshi, ko allurar ƙoƙo. Kuma ki sa musu a farkon babin: a fara rufe makullin mai na ƙarƙashin tanki, a ɗan bubbugi ƙoƙon da ƙotar sukudireba, sau da yawa dattin yana sauka. In babur ya faɗi a yashi ya ɗan zubar, wannan ba ciwo ba ne. Amma AG200 in ya kwana yana yi, a sansana baƙin mai, fetur kan gangara ciki ya tsinka shi. In ya tsinke, a juye baƙin man kafin a tayar.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri Oga, wannan ma ya fi na littafin. Ga abin da na rubuta: tumbuɗin kafireto, allurar ƙoƙo, sai gora. A ambaton farko zan ce gorar da makanikai ke kira fulot, don su iya saye a shago.

Ɗan Maraɗi: Fulotar fa?

Mai Fassara: Wannan bugu na Jigawa ne, ka yi haƙuri.

Malam Mai Nahawu: Tumbuɗi na yarda da ita, ko da yake na jarirai ne. Gora kuwa ba ta toshe komai. Ki sa taso-ka-toshe ko a ƙasan shafi ne.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Ni dai gobe in aka kawo min, obafulo zan ce.

Mai Fassara: Saura tiyon da man ke bi. Indararo ya yi?