Abin da na tsinta a fada kan tsoffin kuɗin azurfa

Jiya a fadarmu ta hira a unguwar Birni ta Damagaram wani ƙanenmu ya zo da kuɗin azurfan kakarsa, hira ta yi tsawo, ga ɗan abin da na riƙe.

Dattijon cikinmu ya ce a fara da shekarar da ke jikin kuɗin, ka ninka ta Hijira da 0,97 ka ƙara 622, misali 1299 na riyal ɗin Maroko sai ta ba ka 1882 ta Miladiyya. Amma fa na Turkawa da ayarin Tarabulus ke kawowa Damagaram a da akwai tarko, 1293 da ke jiki shekarar da Sarki Abdulhamid na biyu ya hau mulki ce, sai ka nemo ƙaramar lambar shekarun sarautarsa ka haɗa ka cire ɗaya kafin ka yi wancan lissafin, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa wallahi.

Azurfa ba ta kama mayen ƙarfe, in ta kama jabu ce. Majidiyya, wato kuɗin azurfan Turkawa mai kurush 20, kusan giram 24 take.

Kar ka goge da toka ko lemun tsami don Allah, daraja kake kankarewa. Wanda aka huda aka yi sarƙa ma darajarsa ta faɗi. Maƙeri a kasuwar Dole kuwa nauyi kawai zai biya, narkarwa zai yi.