Farin tabon ruwan burtsatse a jikin mota: wa ya taɓa fama da shi?

Mai Baƙar Mota, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi tafiyar kwana tara, na bar motata inda na saba ajiye ta, gindin ƙarfen da aka ɗora wa tankin ruwa. Ashe duk ranar da aka kawo wuta yara na kunna injin burtsatse su manta da shi, tanki ya cika ya yi ta ambaliya, iska na watso ruwan kan bonet da gilashin gaba, rana ta busar, gobe ma haka. Da na dawo sai na tarar da ita dabbare-dabbare kamar zabuwa. An wanke ta sau biyu. Tana jiƙe sai ka rantse ya fita, tana bushewa ya dawo. In na shafa da yatsa ina jin kaushi-kaushi. Wanda ya taɓa cin karo da wannan ya taimaka, kafin in kai wa mai fenti ya ce a sake feshi.

Direban Kano–Kaduna

Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin komai ga abin da ba za ka yi ba. Ni da nawa ya same ni, yaron motata ya ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya ya dirje gilashin gaba. Tabon ya fita kam. Amma daga ranar, duk motar da ta hasko ni da dare sai fitilarta ta tarwatse min a ido, don gilashin ya cika da ƙananan zane. Ƙarshenta canza shi na yi. Kada soson ƙarfe ko koren soson nan ya kusanci motarka.

Malamin Kimiyya, Sakkwato

Malam, leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi a gidanku. Farin ɓawon nan da ya manne a gindinta, shi ne a kan bonet ɗinka. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana narko kalsiyam da magneziyam daga duwatsun da ya ratsa, shi ya sa wani ruwan rijiyar ke da zartsi, sabulu kuma ba ya kumfa a cikinsa. In ɗigon ruwa ya bushe, ruwan ne kawai ke tashi, sinadarin yana nan zaune, ɗan'uwan alli ne. Sabulu ba ya narkar da alli, ko sau goma aka wanke. Tsami ne ke narkar da shi.

Ka nemi farin khal na girki, wanda tsaminsa yake kusan kashi 5 cikin 100. Ka gauraya shi rabi da rabi da ruwa mai tsabta. A wanke motar tukuna don kada ka goga ƙura a fenti. A inuwa, jikin motar da sanyi, ka jiƙa tsumma mai laushi ka shimfiɗa a wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, minti ɗaya zuwa biyu, ka ɗaga ka ɗauraye sosai ka tsane. Kada ka bari ya bushe a kai. Mu nan da bazara zafi kan haura 40, baƙar mota kuwa ko taɓa ta ba ka iyawa da azahar, don haka bayan asuba nake yi. Ka fara gwadawa a lungun da ido bai cika kaiwa ba.

Maman Biyu, Kaduna

Ni lemon tsami na matse, don shi na samu a kicin. A gilashi ya yi aiki, sai dai wanda ya gangara kan ƙofa ban lura ba ya bushe ya bar danƙo, ƙura ta bi ta manne. Khal ya fi shi tsabtar aiki. Wari ne dai, yara suka ce motar ta koma kamar kwaɗon zogale.

Mai Fenti, Ƙofar Ruwa

Malamin kimiyya ya faɗi daidai, amma ya tsaya a rabi. Tabon iri biyu muke gani a gareji. Akwai wanda ke zaune a sama, wannan khal zai ɗauke. Akwai kuma wanda rana ta gasa har ya ci cikin fatar sama, wato ruwan sheƙin nan da ake fesawa a kan kala. Wannan ko ka ƙarar da kwalbar khal, farin zai tafi amma zoben yana nan. Ka haska fitilar waya ta gefe da dare, za ka ga ɗan zagaye kamar an dangwala bakin kwalba. Kwana tara a kan baƙin bonet, Alhaji, ina zaton kana da duka biyun.

Na biyun folish yake so. Amma mutane su gane, folish ba ciko yake yi ba, kankare fatar yake har ta sauko daidai da ramin. Fatar nan kuwa ba ta kai kaurin takarda ba. Wani ya kawo min motarsa bara, ya ba wani yaro da injin folish da kamfawun, wato man kankare fenti mai kaushi, yaron ya tsaya wuri ɗaya a kan gefen bonet har kala ta fara fitowa a jikin soson. Daga nan babu sauran magani sai feshi. In motarka 'yar Kwatano ce da ba ka san sau nawa aka goge ta ba, ko an taɓa yi mata fenti, a bi ta a hankali, a fara da folish mafi laushi, da hannu ma in zai yiwu.

Sannan khal yana wanke kakin da ke kan fenti. Duk inda ka sa shi ka bar wurin tsirara, sai ka sake shafa kaki. Wanda kuma aka yi wa sabon feshi ya dakata da kaki wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon abin da mai fentinsa ya ce.

Mai Wankin Mota

Yallaɓai, bari mu ma mu ce wani abu, don kullum mu ake ɗora wa laifi. Mutum zai zo ƙarfe ɗaya na rana, inji da zafi, ya ce sauri yake. Kafin in gama gefen dama, hagu ya bushe. Ruwan kuma na 'yan garuwa ne, daga burtsatse suke ɗebowa. Mai son motarsa ya zo da safe ko bayan la'asar, ya kuma bari a tsane ta, har cikin madubi da hannun ƙofa, don nan ruwa ke ɓuya ya tsiyayo daga baya. Da hunturu kuma a daina goge hazo da busasshen tsumma, a zuba ruwa ya sauke shi tukuna.

Ɗan Damagaram

Mu a Zinder ruwan ma samunsa aiki ne, balle a zaɓa. Dabarata ita ce ɗaurayar ƙarshe. Ina tara ruwan da ke ɗiga daga AC na ofis a jarka, shi ba daga ƙasa ya fito ba, babu wannan sinadarin a cikinsa. Bayan an wanke da ruwan gari sai in bi da shi. Lita huɗu ko biyar ta ishe ni bonet da rufi da gilasai.

Direban Kano–Kaduna

Wasu ruwan batir suke saye su yi hakan. Amma a yi hattara, wanda aka tace ake nufi, na ƙari. In ka aiki yaro ya ce "ruwan batir" kawai, ana iya ba shi asid. A karanta kwalba.

Maman Biyu, Kaduna

Wai siramik ɗin da ake talla fa, wanda ake shafawa a kan fenti don kariya, yana hana tabon?

Mai Fenti, Ƙofar Ruwa

Hajiya, yana sa wanki ya yi sauƙi, yana kuma tsayawa tsakanin tabon da fenti. Amma ruwa kan dunƙule a kansa ƙwaya-ƙwaya, in ya bushe a rana kowace ƙwaya sai ta bar nata zoben. Na ga mai siramik da tabo ido da ido. Tsanewar nan dai ba a tsallake ta.

Mai Baƙar Mota, Kano

Allah ya saka da alheri. Jiya bayan asuba na gwada khal. Gilashi ya fita tas, rufi da ƙofofi ma haka. Bonet ne na haska da fitilar waya na ƙirga zobe wajen ashirin a ɓangaren da ke fuskantar tankin, yadda Malam mai fenti ya ce. Asabar zan kai a bi shi da folish mai laushi, kuma zan tsaya a wurin har a gama. Na sa an ɗaura wa tankin ƙwallon nan mai tsayar da ruwa in ya cika, motar kuma ta koma ɗaya gefen gidan. Sai dai can ɗin gindin dalbejiya ne, tun da safe na ga tsuntsaye sun fara nasu aikin a kan rufi.