Sakkwato zuwa Yawuri da Wara a keke cikin damina: me ya kamata mu shirya?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum, manya. Mu uku ne muke son mu hau keke daga Sakkwato zuwa Yawuri, daga can mu bi bakin tafkin Kainji mu yi kudu har Wara. Hutun da muke da shi a watan Agusta ya faɗo, tsakiyar damina ke nan. Biyu daga cikinmu kekunan gwanjo masu giya gare su, taya mai lamba 26, ɗayan kuma Phoenix ne mai birkin ƙarfe. Kilomita nawa za mu iya ci a rana? Wane kaya za mu ɗauka, kuma yaya ake yi idan hadari ya tare mutum a fili?

Baba Mai Faci:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ruwan sama bai cika kashe tafiyar keke ba, laka ce ke kashe ta. Daga Sakkwato ta Boɗinga, Shagari, Tambuwal, Jega da Koko har Yawuri kwalta ce, tafiyar ta haura kilomita 300. Wahalar tana farawa ne idan kun sauka kwalta kun shiga hanyoyin fadama na bakin ruwa. Baƙar ƙasar nan idan ta jiƙa tana naɗewa a taya kamar tuwo, ta cika tsakanin taya da madigadi, cikin taku ashirin ƙafar ta daina juyawa. Wanda ya matsa feda da ƙarfi a wannan hali, a keke mai giya, laka za ta ja ƙarfen canjin giya na baya ta cusa shi cikin wayoyin ƙafa, ya lanƙwashe ko ya karye. Da kun ji keke ya yi nauyi ku sauka, ku sa kara ku ƙwaƙule. Ni shawarata ku kwance madigadi kafin ku bar kwalta.

Mai Phoenix ya kula da birkinsa. Gargaren ƙarfe idan ya jiƙa, robar birki santsi take yi a kansa, sai ƙafar ta juya sau uku ko huɗu kafin ta kama. A gangara ya riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan tun daga sama don ruwan ya share. Yashi da ruwa kuma suna cin robar birki kamar ana goga ta da dutse, kowa ya riƙe sabuwa guda huɗu.

Kafin tashi a buɗe cibiyar ƙafa ta gaba da ta baya da gindin feda, a wanke boris da kananzir, a cika da sabon giris. Duk boris ɗin da ya yi tabo a canza shi. A aljihun kayan gyara: tub biyu kowane mutum (26 daban, 28 na Phoenix daban, ba sa shiga wa juna), faci da sholisho, ɗan sanfefa, famfo ɗaya mai kyau, sifana mai lamba 10, 13 da 15, filaya, wayar birki biyu, wayoyin ƙafa shida daidai tsawon naku, mahaɗin sarƙa, da ɗan kwalbar mai.

Faci ba ya kamawa a jiƙaƙƙen tub. Idan taya ta sace ana ruwa, ku sa sabon tub ku wuce, facin ya jira inuwa. A can a shanya shi ya bushe, a kankare wurin, a shafa sholisho siriri, a bar shi minti 5 har ya daina sheƙi, sannan a danna. Kuma kafin a mayar da tub a zagaya cikin taya da yatsa, domin ƙayar aduwa ko ta bagaruwa tana karyewa a ciki ta sake huda sabon.

Sarƙa kuwa kowace yamma a goge ta da tsumma, a ɗiga mai a kowace gaɓa, a sake gogewa. Kar a labta mata baƙin mai, yashi yake kamawa ya cinye haƙoran.

Malamin Arkilla:
Baba ya gama da keke, bari in taɓa sama. Amma in ƙara a kan maganar Baba, kar su yi saurin kwance madigadi, a kan kwalta yana da amfani. Ruwan da taya ke watsowa yana jiƙa wando, jiƙaƙƙen wando a kan sirdi na awa biyar kuwa shi ke kawo salewar cinya da maruru. Su bar shi har Yawuri, can su kwance.

Iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, ku kuma kudu kuka nufa, saboda haka yawancin tafiyar iska na gabanku. Kar ku yi lissafi da gudun da kuke yi a cikin gari. Da kaya a baya, kilomita 12 zuwa 14 a awa shi ne gaskiya, wato 60 zuwa 70 a rana a kwalta, kwana biyar ke nan zuwa Yawuri, a ƙara ɗaya na hutu. A bakin ruwa wanda ya ci 30 ya yi ƙoƙari.

Hadarin da ke da haɗari shi ne wanda ke haɗowa daga gabas, galibi da la'asar ko cikin dare. Alamarsa gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke ɗif, sai wata mai sanyi da ƙura ta taso. Daga wannan iskar zuwa saukar ruwa mintuna ne kaɗan. Maganinsa sammako: a tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin la'asar.

Idan an ga walƙiya a ƙirga daƙiƙa har a ji tsawa, a raba gida uku, abin da ya fito shi ne nisanta a kilomita. Daƙiƙa 30 ko ƙasa da haka, a nemi gini: masallaci, aji, shago. Rumfar kara ko gindin bishiya guda tilo a fili ba mafaka ba ce, kuma bakin tafki ya fi ko'ina muni tunda mahayi shi ne abu mafi tsayi a wurin. In babu gini, a ajiye kekuna nesa, ku ukun ku rarrabu, kowa ya tsuguna a wuri mai kwari wanda ruwa ba ya bi. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Rigar ruwa ta leda mai kauri gumi take tarawa, mutum ya jiƙe daga ciki. Gara ku yarda za ku jiƙa, ku tanadi busassun kaya na dare a cikin leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, bakin kowace a ɗaure. Waya da kuɗi da katin shaida su ma haka. Kaya gaba ɗaya kar su wuce kilo 15, a rataya su ƙasa-ƙasa gefe biyu na kariyar ɗora kaya ta baya, don tulin kaya a sama iskar gefe na kayar da mutum.

Hajiya Nas:
Ƙannena, abu uku. Na farko tsargiya: tana yawa a ruwan da ke kwance a gefen tafki, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Kar ku yi wanka ko wanke keke kuna tsaye a ciki, ruwan da aka ɗebo a bokiti ma sai an tafasa shi ko ya kwana biyu a ajiye kafin a yi wanka da shi. Na biyu, Agusta ganiyar sauro ce, bakin ruwa kuma gidansa ne, gidan sauro mai magani dole ne ga kowa. Zazzaɓi ya kama ɗayanku, a yi gwaji a asibiti mafi kusa, kar a ce gajiya ce. Na uku ruwan sha: lita 4 zuwa 5 kowane mutum a rana ko da garin a lumshe yake. Ku riƙe ORS, wato garin gishiri da sukari na kemis, in ya ƙare a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, saboda kunama da maciji.

Bayawuri:
Sannunku. Ku sani bakin Kainji ba wuri ɗaya yake tsayawa ba. Tun da aka gama dam ɗin a 1968 ruwan yana ja da baya a ƙarshen rani, ya bar fili mai faɗi da ake nomawa, daga wajen Agusta kuma ya fara dawowa. Hanyar da mai babur ya bi a watan Yuni tana iya zama ƙarƙashin ruwa lokacin da za ku iso. Taswirar waya ba ta san wannan ba. Kowace safiya ku tambayi 'yan acaɓa da masunta. Rafin da ke gudu bayan ruwan sama, in ya kai gwiwa kar ku shiga, ku jira ya janye. Wanda bai kai ba, a ɗaga keke a kafaɗa don kar ruwa ya wanke giris ɗin da Baba ya ce a cika. Akwai dorina a wannan ruwa, kar ku kwana a gaɓa.

Inda hanya ta yanke za a ce ku shiga jirgi. Ku tuna hatsarin watan Mayun 2021 kusa da Wara, inda jirgi ɗauke da mutum fiye da ɗari ya nutse. Jirgin da aka cika maƙil, ko za shi tashi da yamma hadari na haɗuwa, ko babu rigar ceto, ku bar shi ya tafi.

Sai tsaro, wanda ya fi duk abin da aka lissafa. An sace ɗalibai a Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, kuma yanayin yankin yana canzawa daga mako zuwa mako. Kafin kowane zango ku tambayi direbobi a tasha. Kowane gari kuka sauka ku fara gaida mai gari, ku nuna katinku, shi zai ba ku masauki. Ba kwana a daji, ba tafiyar dare. In an ce kar ku wuce, ku ɗora kekunan a mota.

Ɗan Mabera:
Allah ya saka da alheri, Baba da sauran manya. Tambaya ɗaya ta rage: iskar taya fa, a cika ta tam ko a rage?

Baba Mai Faci:
A kwalta a cika, lamba 26 ta sha kamar 50 a ma'aunin mai faci. A yashi ko laka a sauke zuwa 35 don tayar ta baje ta kama ƙasa. Kar ta yi ƙasa da haka da kaya a baya, in ba haka ba gargare zai cije tub a kan dutse ya yi huda biyu jere, irin wadda faci ɗaya ba ya rufewa. Da kun hau kwalta ku mayar da iskar.