Ƙanwata ta ce aikin gyaran magana take so, ina za ta dosa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. Autarmu za ta rubuta JAMB bana, ta kafe ita aikin masu gyaran magana za ta karanta, tun da ta ga yadda aka dawo wa Baffanmu da bakinsa bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Mu a gida nas muka so ta zama. A ina ake karatun, kuma aikin yana riƙe mutum?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Au, dama karatu ne mai zaman kansa? Ni na ɗauka cikin masu gashin ƙashi ake ware wasu.

Sista Rabi: Hukumarsu ce ɗaya, MRTB, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa. Ita ke ba masu gashin ƙashi da masu gwajin ji da masu gyaran magana lasisi, amma karatu kowa da nasa. Anti Ummi, fito, an taɓo gonarki.

Anti Ummi: Ga ni, yanzu na sallami na ƙarshe. Maman Ilham, wajen karatu dai sai ta shirya tafiya kudu. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana horar da mutane a fannin, ta sashen ilimin masu buƙata ta musamman, sannan akwai Jami'ar Kimiyyar Lafiya da ke Ondo. Ko ina za ta cike, a fara tambayar MRTB ko ta amince da kwas ɗin kafin a biya ko sisi. Na san wadda ta gama, ta zo neman lasisi aka ce hanyar ba nan ba ce.

Abin da ba a faɗa wa ɗalibi kuwa: littattafan da takardun gwajin kusan duk da Turanci suke, an tsara su don yaran Ingila da Amurka. Ranar da na fara aiki aka kawo min yaro ɗan shekara 4 daga ƙauye, na buɗe littafin hotuna, ga dusar ƙanƙara, ga wani kare sanye da riga. Yaro ya yi ta kallona. Sai da na zauna na haɗa nawa: ƙwarya, ɗankwali, tsintsiya, ɓera, akuya. Babu gwajin Bature da zai gaya miki ko yaro na bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, balle nau'o'in r biyu, ra-gare da ra-kaɗe. Don haka kada ta raina darasin Tsarin Sauti na ajin Hausa. Baleɓe, bahanƙe, baganɗe, bahanɗe, wato sunayen sautuka bisa gurbin da ake furta su a baki, da su nake cin abinci yau.

Maman Ilham: Ikon Allah! Ita da ta tsani ajin Hausa.

Anti Ummi: To ta shirya da shi. Kin ga irin su Baffa, in ɓarin dama ne ya shanye, yawanci ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, can kuma cibiyar magana take a wajen akasarin mutane. Dattijo zai kasa faɗin sunan matarsa, amma ki ja masa Fatiha ya bi ki har ƙarshe, domin abin da baki ya saba da shi ya fi jurewa. Da wannan nake kamawa: Fatiha, ƙirga, ranakun mako, gaisuwar safe. Wanda ba ya jin yaren majinyaci ta ina zai shiga?

Sista Rabi: Ki faɗa mata zancen haɗiya ma. Mu a ɗakin masu jinya don shi muka fi kiranku. Mai shanyewar jiki ya ƙware da koko, ya gangara huhu, sai ciwon huhu ya biyo baya. Ku ne ke duba ko a kaurara masa abin sha ko a sa masa robar hanci. In yarinyar na ƙyamar yawu da majina, ta sake tunani tun yanzu.

Malam Ɗanjuma: Ni malamin kurame ne, shekara 14. Shawarata ta koyi maganar hannu tun kafin ta shiga jami'a, ta leƙa makarantar Tudun Maliki in a Kano kuke. Da yawan yaran da ake cewa sun ƙi magana ba ji suke yi ba. Sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, duk suna kashe kunne. A fara da gwajin ji, ko a Asibitin Malam Aminu Kano ko Cibiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Baban Khalifa: Mu dai a garinmu in yaro ya yi nauyin baki, wanzami ake kai wa ya yanke linzami ko ya cire beli.

Anti Ummi: Yaya, rabin aikina ke nan, lallashin kakanni. Beli ba ya hana magana, cire shi kuwa ga zubar jini ga tsatsar aska. Linzami na iya wahalar da jariri wajen kama nono, amma ba shi ke sa yaro ya kai shekara 3 bai ce "Mama" ba. Ma'aunin da nake ba iyaye: kalmar farko wajen shekara 1, haɗa kalma biyu wajen shekara 2. In an wuce haka sosai a zo, a bar zancen "babansa ma sai da ya shekara biyar". Mai i'ina kuma ba a tsawa, ba a ƙarasa masa zance, ba a dukan baki da ludayi.

Yaya Auwal: Daga Ingila nake bin ku. In da niyyar fita take yi, ta sani hukumar HCPC, mai ba da lasisin aikin a nan, maki 8 take nema a jarrabawar Turanci ta IELTS ga masu gyaran magana, alhali 7 ake nema a sauran fannonin da ke ƙarƙashinta. A Amurka kuma sai da digiri na biyu. Sana'a ce da ba ta ƙaura da sauƙi kamar aikin nas.

Maman Ilham: To zancen samu fa? Kowa ya zagaye shi.

Anti Ummi: Ba zan yi miki ƙarya ba, guraben gwamnati kaɗan ne, asibitoci da yawa ba su ma san suna buƙatarmu ba. Ana haɗawa da makarantu masu zaman kansu da zuwa gida-gida da yamma. Akwai kuma yaran da aka ɗinke wa tsagewar leɓe da ganɗa, irin aikin da ƙungiyar agaji ta Smile Train ke ɗaukar nauyi. Bayan ɗinki maganarsu ta hanci take fita, sai an yi watanni ana gyara. Marasa lafiya kam sun fi ƙarfinmu, masu iya biya ne ba yawa. Kuma aiki ne mai cin rai, sai ki yi wata uku kan harafi ɗaya.

Sista Rabi: Ki turo ta ta ga aikin da idonta mana, kafin a rufe cike fom.

Anti Ummi: Ta zo ranar Talata ƙarfe 9, ranar yara ce. Zan nemi izinin iyayen tukuna. Ta sa takalmi mara tsini, a tabarma muke yini.

Baban Khalifa: Anti, a sa ni a layin ma. Khalifa shekararsa 2 da wata 7, har yau nuni yake da yatsa. Gwajin jin zan fara yi ko in kawo shi kai tsaye?

Anti Ummi: Gwajin ji tukuna. Ka taho min da takardar, kuma ka taho da mamansa, ita ce za ta yi aikin a gida.