Makarantu uku sun dawo min da ɗana mai galahanga, ina zan kai shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana na fari shekararsa 6, kuma tun yana ɗan shekara 4 likita ya ce mana galahanga ce, wato otizim. Kunnensa lafiya lau, an gwada, amma maganarsa ba ta wuce kalma goma ba, kuma da an yi hayaniya sai ya toshe kunne ya yi ta kuka. Makarantun kuɗi uku na kai shi a nan Kano. Biyu tun daga ƙofa suka ce ba gurbi, ta ukun ta riƙe shi sati biyar, sannan hedimasta ya kira ni wai iyayen yara sun yi ƙorafi. Akwai wata cibiya da aka ce sun iya da irinsu, amma kuɗin zango ɗaya ya fi albashin babansa na wata uku. Kullum da safe ƙanwarsa na sa yunifom, shi kuma sai ya ɗauko takalminsa ya tsaya bakin ƙofa. Wannan tsayuwar ce ke hana ni barci. Don Allah wanda ya bi wannan hanya ya ba ni shawara.

Wata malamar firamare:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Gaskiya yawancinmu ba mugunta ke sa mu ƙi ba, tsoro ne. Malama ɗaya da aji maƙil da yara, ba a taɓa koya mata yadda za ta yi da shi ba. Ki koma asibitin da aka duba shi, ki ce su rubuta miki takarda: me yake iyawa, me ke tayar masa da hankali, me ke kwantar da shi. Da takardar za ki je wurin hedimasta. Kar ki ɓoye lalurar don a karɓe shi, ɓoyewar ce ke jawo kora daga baya.

Wani baba daga Zariya:
Hajiya, doka na bayanki. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su haɗa su da sauran yara. Ki rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku, ki ajiye kwafi. In shiru, ki wuce SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.

Wata 'yar uwa:
Ki kai shi makarantar Tudun Maliki mana, kuma a haɗa da ruƙiyya.

Malamar firamare:
Addu'a kam ba a barinta, amma galahanga ba aljanu ba ne, haka ƙwaƙwalwarsa take tun halitta. Tudun Maliki kuwa an fi saninta da kurame da makafi, shi ko yana ji yana gani, buƙatarsa daban ce.

Uwar wani yaro mai shekara 11:
Ƙanwata, na yi kukan da kike yi. Abin da ya fisshe mu ƙaramar makaranta ce ta unguwa mai yara kaɗan a aji. Muka fara da awa biyu, bayan an gama taron safe, don ƙararrawa da ihun yara ne ba ya so. Na samu wata yarinya mai NCE ina biyanta, tana zama gefensa a aji. In ba ki san inda za ki samu ba, ki leƙa Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero ki yi cigiya cikin ɗalibai. Na manna masa hotuna a kwali: aji, abinci, banɗaki, gida. Da yatsa yake nuna abin da yake so, kukan ya ragu sosai. Sai da aka yi zango biyu kafin ya iya wuni. Ki nemi mai koyar da magana ta hannun likitansa, ko sau biyu ne a wata, ki riƙa maimaita darasin a gida. Duk wanda ya ce zai sayar miki da maganin da zai raba shi da ita, ki riƙe kuɗinki.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya, ban taɓa tunanin roƙon awa biyu ba, kullum cikakken wuni nake nema. Ranar Litinin zan karɓo takardar likita, kuma akwai wata ƙaramar makaranta a bayan layinmu da ban gwada ba. Hotunan kwalin, zana su kika yi ko na waya kika wanke?