Zango ɗaya kawai na yi a ƙungiyar ɗalibai, in sa a CV ko in bari?

'Yar Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a jami'a na shiga ƙungiyar ɗalibai masu wayar da kai kan cutar sikila. Ni aka ba littafin rajista a ranakun gwajin jini, kuma ni nake zama da 'yan matan da sakamakonsu ya nuna AS, in yi musu bayani cewa idan mai AS ta auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai cutar sikila. Akwai wadda ta riƙe takardar hannunta na rawa, an riga an kai kuɗin aurenta. Har yau ina tuna ta a addu'a.

Sai yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zo, wata takwas muna gida. Da aka koma, mahaifiyata ba lafiya, shago ya dawo kaina, ban sake leƙa ƙungiyar ba. Yanzu ina hidimar ƙasa, burina digiri na biyu kan lafiyar al'umma a waje. Tsorona kada masu tantancewa su ga 'yan watannin nan su ce ba ni da juriya. Don Allah a ba ni shawara.

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki sa, ki rubuta watan da kika fara da watan da kika tsaya, ba ƙari ba ragi. Ina cikin masu duba takardun neman aiki a wurinmu, kuma abin da ke gajiyar da mu shi ne a jero ƙungiya bakwai, kowace an rubuta "mamba". Idan aka zo intabiyu aka ce me ka yi a ta uku, sai kame-kame. Ke kuwa kina da abin faɗa: kin riƙe rajista, kin zauna da mutane a lokacin da labari mai nauyi ya same su. Wannan shi ne ainihin aikin lafiyar al'umma. Batun yajin aiki kuma, duk wanda ke Najeriya ya san abin da ya faru daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022. Ga 'yan waje, jimla ɗaya ta isa bayani.

Anti Maijidda:
Na yarda da Baban Hanifa, amma kada ki ɗora wa zango ɗaya kayan da ba zai iya ɗauka ba. Idan Chevening, tallafin karatun digiri na biyu na gwamnatin Birtaniya, kike hari, suna neman gogewar aiki ta shekara biyu, awa 2,800, sannan rubutu kan jagoranci da kuma yadda kike ƙulla alaƙa da mutane. Mandela Washington ta Amurka kuma, wato shirin horar da matasan Afirka kan jagoranci, sai daga shekara 25 zuwa 35, suna son ganin tarihin hidima wa jama'a. Ƙungiyarki farkon labari ce, su ci gabansa za su tambaya. Ga shi Allah Ya ba ki dama: ranar CDS ɗinki ta mako-mako, wato ranar da masu hidimar ƙasa ke yi wa al'umma aiki. Ki shiga rukunin lafiya, ki nemi izinin shugabar wata sakandaren 'yan mata ki maimaita bayanin AA, AS da SS. Idan aka ga 2022 sannan aka ga yanzu, babu mai cewa kin watsar.

Injiniya Dutse:
Ni dai a takardar neman aikin kamfani ba zan sa abin da bai kai shekara ba, gurbi yake ci. Amma ga karatun da kike nema, ya dace. Abu ɗaya: kada ki kira kanki shugaba ko sakatariya idan ba a naɗa ki ba, ana bincikawa. Ki nemi wasiƙar shaida tun malamin da ke kula da ƙungiyar bai manta fuskarki ba.

'Yar Gwammaja:
Allah Ya saka da alheri, wallahi hankalina ya kwanta. Malama ce ke kula da mu, kuma ina da lambarta. Anti, wasiƙar a kan takardar sashe mai tambari za ta rubuta, ko in jira sai makarantar da na nema ta tura mata saƙo da kanta?