Yaya zan ɓoye sunan saba ba tare da na rufe foldoji ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofis a Agege, nan Legas. Sabarmu, wato kwamfutar da sauran ke ɗaukar fayiloli daga cikinta, Ubuntu ce mai Samba (manhajar raba foldoji da kwamfutocin Windows), a ciki muke ajiye takardun albashi. Duk baƙon da ya hau Wi-Fi ɗinmu yana jiran Alhaji, da ya buɗe Network a kwamfutarsa sai ga sunan sabar ɓaro-ɓaro. Abin yana damuna ƙwarai.

A saitin Samba na sa browseable = no, foldojin suka ɓuya, amma sunan yana nan daram. Na kashe nmbd, ɓangaren Samba mai sanar da sunan saba, sai kwamfutar akawunmu ta daina samun sabar da suna, sai da lambar IP. Ko wsdd, mai sa saba ta bayyana a Network, shi ne ke tallata ta ga Windows 10? In na cire shi, ma'aikata za su iya shiga? Don Allah a taimaka, ƙarshen wata ya ƙarato.